Amon da Ake Ji da Tafin Hannu

A duk kalmomin da Allah ya hore wa Bahaushe babu wadda ta kai "ji" ɗaukar kaya. Da ita muke jin magana, mu ji yunwa, mu ji ƙamshi, mu ji kunya. Na daɗe ina koya wa ɗalibai wannan, amma ban ga iyakar faɗinta ba sai da na je Kaduna neman amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai araha.

Dalilin tafiyar Baba ne. A zamaninsa shi ne mai gangar noma a ƙauyenmu, idan ya saka gula ko rago sai ya sunkuya. Yanzu kunnensa ya toshe gaba ɗaya, ya daina fitowa zaure, ya daina neman kowa da hira. Muna da tsohon kaset ɗin kiɗansa da aka juye mana a waya. Na karanta cewa amo idan ya yi kauri sosai fata da ƙirji ke karɓarsa, sai na sayi kwancen akwatin lasifika, irin wanda samari ke kira wufa. Saura abin da zai tura shi, kuma kada ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta.

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ƙanena a tsohuwar motarsa, akwatin na kujerar baya an ɗaura masa bel kamar babban baƙo. Maƙwabcinmu mai injin niƙa ma bai buɗe ba, wanda shi ne kaɗai lokacin da unguwarmu ke da shiru. Hanya ta yi mana kirki. A Mararrabar Jos muka tsaya wurin mai shayi, wani dattijo da ke ɗaga kofi sama yana zubo shayi ba tare da ya kalli hannunsa ba. Ƙwai ya yi tsada har ƙanena ya tambaya ko kazar ma'aikaciyar gwamnati ce.

Mando muka fara sauka. Shagunan kayan sauti a nan suna ta gasar kurumtar da jama'a, kowa ya ƙure nasa. Na yi wa wani mai shago bayani, ya kunna mini na bikin aure, ya kunna na 'yan siyasa. Duk ƙara ce mai soka kunne. Ina cikin neman kalmar da zan fahimtar da shi sai wani jirgin soja ya ratsa ta samanmu. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, na ji abin har cikin hanjina.

"Yauwa! Irin wannan nake nema."

"Malam, wannan na gwamnati ne," in ji shi, "ba a kawo mana shi ba tukuna."

Bai ji haushin rashin ciniki ba. Da kansa ya tura mu Kinkinau, wurin wani malamin allo da ya ji yana son rabuwa da tsohuwar amfilifayar makarantarsa. Muka bi baifas muna kauce wa tireloli da 'yan Keke. Kinkinau unguwa ce da kowace ƙofar gida take da ɗan abin sayarwa, daga gawayi zuwa cajin waya. Malam ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo waina da miyar taushe kafin ya tambayi abin da ya kawo mu. Da ya ji labarin Baba sai ya girgiza kai.

"Tawa muryar mutum ta sani, ɗana. In na sayar maka na cuce ka. Ka je Abakpa ka nemi mai gyaran rediyon da ke kusa da layin dogo."

Na yi tsammanin zai yi mini wa'azi a kan ganga. Addu'a ya yi wa Baba, ya rako mu har mota.

Shagon Abakpa bai fi ɗakin girki ba. Mai gyaran mutum ne marar yawan magana, da tabarau ɗaure da zare. Ya auna akwatinmu, ya jawo wata amfilifayar mota daga ƙarƙashin benci, irin wadda aka yi ta don wufa kaɗai. Ya ce da batirin mota za ta yi aiki, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Ni ma na karanta hakan, muka ɗan yi musu mai daɗi a kan kaurin waya, kowa ya rage wa ɗan'uwansa wani abu. Sannan ya watsa ƙwayar shinkafa a kan akwatin ya kunna. Shagon shiru, amma shinkafa na tsalle. Ya kama hannuna ya ɗora.

"Ka ji?"

Na ce ban ji ba. Na sake cewa na ji. Duka biyun gaskiya na faɗa, kuma babu malamin nahawun da zai ja mini jan biro.

Kuɗin da ya nema bai kai abin da na ɓoye a aljihun ciki ba, har na ji kunyar tayawa. Na dai taya, don kada a ce ba daga Zariya nake ba.

Bayan la'asar muka iso gida. Muka jingina akwatin da bangon zaure, ƙanena ya durƙusa yana haɗa wayoyi, ni kuma na shiga na lallaso Baba. Ya fito yana harararmu. Na ɗora tafinsa a kan katakon. Ya lumshe ido, sai ga yatsunsa suna motsi.

"Na ji," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Amma wannan makaɗin rago ne, ba ya sauya hannu."

Ya yi dariya, wadda muka manta kamanninta. Tun daga ranar kullum da yamma yana zaure, hannunsa a kan akwati, muna kunna masa kiɗansa yana gyara wa kansa kurakuran ƙuruciya.

Tafiyar ta koya mini cewa a Kaduna wanda ba shi da abin da kake nema ba ya barinka ka tafi haka, sai ya miƙa ka ga wanda yake da shi. Ta kuma tabbatar mini cewa ilimi da haƙuri da tankin mai ɗaya suna iya mayar wa tsoho abin da shekaru suka ƙwace.

A wancan jin na farko da Baba ya yi dai, wayar akwatin tana hannun ƙanena bai jona ba. Abin da ya ji injin niƙan maƙwabcinmu ne, kuma yana bayan bangon nan tun kafin Baba ya kurumce.