Muciyar Gwaggo

Duk wanda ya ce idona ne ya ɓata alewar bikin da aka yi a garin Tchaké bai san komai ba. Muciyar Gwaggo ce. Shekara uku ke nan ina ɗauke da laifin muciya.

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ce gwanar alewa a danginmu. Ranar da ake haɗa garar ɗiyarta, ta dafa tukunyar farko, ta ja ta, ta fito fara tas. Ta jingine muciyar a bango, sukari ya bushe a jikinta. Sai ga ni na sauka daga kabu-kabu da kayan lakwal, makarantar boko ke nan, na leƙa tukunya ta biyu na ce, "Gwaggo, wannan ta yi kyau." Ban ce masha Allah ba, wannan kam na yarda. Ta sauke tukunyar, ta zura muciyar nan ba wanki, ta juya. Kafin a miƙo faranti, abin ya koma kamar rairayi. Ta uku ma haka.

Ta dube ni gaban mata fiye da goma. "Ke 'yar lakwal, wane irin ido kika zo mini da shi?"

"Irin na babanku," na ce.

Na sha mari. Marin bai dame ni ba. Abin da ya biyo baya ne: ko gidan wa na shiga, sai a jawo faifai a rufe tukunya. Wata ma har jaririnta ta juya wa bango. Innata ta daina zuwa da ni buki, ta ce karatu ya yi mini yawa, amma na san kunya take ji.

Bana a lise, babbar sakandare ta Mayahi, mushenmu na shimi, wato malamin ilimin sinadarai, ya zo da resho na ɗora tukunya da wani farin gishiri cikin kwalba. Ya dinga narka shi a ruwan zafi har na ce ai ruwan ba zai ƙara ɗauka ba, amma ya ɗauka. Ya ajiye ya huce, garau kamar ruwan rijiya. Ya ce ruwan zafi yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, in ya huce yana riƙe da shi ne da ƙyar, dalili kawai yake jira ya saki. Sunan abin sursaturation. Ya jefa ƙwaya ɗaya tak. Muna kallo fari ya bazu daga inda ta faɗa, har kofin duka ya daskare.

'Yan aji suna tafi, ni kuwa zuciyata tafasa take.

"Mushe, sukari ma haka yake?"

"Haka yake, sai dai shi sai an juya. Ƙwaya ɗaya ta kira 'yan'uwanta. Shi ya sa ake matsa lemun tsami, yana hana su haɗuwa."

Na tuna ranar nan lemu guda Gwaggo ta raba wa tukunya uku, don rowa.

Na gwada a gida sau huɗu, Inna na faɗa ina ƙarar mata da sukari. Tukunyar da na juya da muciya wankakkiya, na tsura mata ido har ƙwalla, ta yi alewa. Wadda na juya mata baya na zura busasshiyar muciya, rairayi.

Ran kasuwa na tare Gwaggo na gaya mata. Ko kallona ba ta yi ba, tana zaɓen kuɓewa.

"Tun ba a haifi uwarki ba nake alewa. Lakwal ce za ta koya mini?"

"To, Gwaggo. Allah ya kai mu suna."

Ɗiyar tata ta haihu, suna ran Juma'a, kuma duk matan da suka ga marina za su zo. Na riga na sayi sukari. Zan dafa tukunya ɗaya a tsakar gida, in raba ta kwano biyu. Ɗaya zan tsaya a kansa in kalle shi, in yaba shi da bakin nan nawa. Ɗayan kuwa za a ɗaure mini ido da kallabi, in ce Inna ta ɗauko muciyar Gwaggo daga jikin bango, yadda Gwaggon ta saba barinta, ta miƙa wa Gwaggon ta juya da hannunta. In nata ya koma rairayi, sai in kwance kallabin. Zan ɗauki faifai in rufe kwanona, kada ta kalla.