Yadda Mai Mari Ya Koma Mai Daro

Mijin yayata mai aski ne. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, ni ina ɗinki shi yana aski, don haka duk ƙaryar da ya shara sai ta ratso bangon ta same ni a kan keke. Kujera ɗaya gare shi mai juyawa, wadda ta daina juyawa tun ina da gashi, sai madubi mai tsaga da ke ba mutum hanci biyu, sai bencin jira. Amma bencin nan ba ya rabo da mutane, har da masu sanƙo irina. Labarin mari ke tara su.

Yana saurayi aka zo ɗaukar wani fim, wanda aka ciro daga littafin da malamai suka yi ta jibgar mu a kansa a makaranta: Baturen mulki ya sa a cike rijiyar kakannin wani gari, garin ya ce bai san zancen ba. An sa mijin yayata a fim ɗin, wannan kam gaskiya ne. Abin da ya ɗora a kai shi ne wai shi ya mari Baturen. Farkon jina mari ɗaya ne. Da shekaru suka ja sai ga haƙori ya fita, sai ga karen Baturen ya suma don tsoro. Sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba Mai Mari suke ce masa. Mahaucin layinmu in ya zauna sai ya ce, "Mai Mari, da hannun daman nan za ka aske ni, ko na samu albarkacinsa."

Fim ɗin kuwa ba wanda ya taɓa gani a unguwar. Mai Mari ya ce wuta ta cinye shi tuntuni. Kwatsam sai shugaban makarantar bayan layinmu ya samo shi, ya ce ranar Asabar da rana za a nuna a ɗakin taro, kowa ya zo.

Da safiyar ranar rabin unguwa suka yi layin aski, kowa na son ya je fes. Mai Mari ya aske su ɗaya bayan ɗaya. Da rana ta yi ya ce cikinsa na murɗawa, ba zai je ba. Ina! Mahauci ya kama hannu ɗaya, direban gidan mai kuɗin unguwa ya kama ɗaya, suka ɗauke shi kamar buhu suka dasa a kujerar gaba.

An toshe tagogi da barguna. Zafi, gumi, ga wasu sun tuɓe takalma, warin da ke ɗakin nan ko ƙuda ya shigo sai ya nemi hanyar fita. Bature na bayyana da gajeren wandonsa aka ɗauki tsaki. Wata tsohuwa ta jefa masa silifa, ta samu ƙeyar jikanta. Duk saurayin da ya gifta sai a tambaya, "Shi ne wannan?" Mai Mari ya girgiza kai.

Can sai ga shi. Kunnuwan nan ba sa ɓuya. Aka fara tafi, tafin ya mutu a hanya, don daro ne a hannunsa.

Ya durƙusa gaban Baturen, ya zare masa takalmi, ya zare safa. Mai ɗaukar hoton, Allah ya isa, ya kawo ƙafar nan ta cika bango. Farce kamar ƙahon akuya, diddige duk faso, tsakanin yatsu fari fat kamar ya kwana a ruwa. Mijin yayata ya sa yatsunsa yana cuɗa lungu-lungu, ruwan ya koma kalar kwata. Da ya gama, Baturen ya ɗaga ƙafar ya goge a kan gashinsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ɗauki daronsa ya fita. Iyakarsa ke nan a fim ɗin.

Na ga mahauci ya kai hannu sannu a hankali ya shafa kansa da aka aske da safe, ya shinshina tafinsa. Direba ya fita da gudu yana kakarin amai. Layi bayan layi, maza suka hau susar kai kamar an watsa musu ƙaiƙayi.

Shugaban makaranta ya miƙe. "Jama'a, wasa ne fa, sa shi aka yi. Ai abin da fim ɗin ke son ku gani ke nan, yadda aka wulaƙanta..."

"Malam, ƙafar ma ta wasa ce?" in ji mahauci. "Dattin na wasa ne?"

Wani daga baya ya ce, "Ni ban ga inda ya wanke hannu ba."

A fim ɗin an cike rijiyar, dattijon garin ya faɗi a bakinta, matan garin suna kuka, duk ba wanda ya kalla. Ni abin da ya fi tayar min da zuciya ke nan. Mutum an binne masa rijiyar kakanni a gabansa, shi ta ƙeyarsa yake yi. Kuma wa ke ƙyamar? Mahaucin da ƙudaje ke raka shi har gida. Direban da in zai buɗe wa maigidansa ƙofar mota sai gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

Kafin a kwashe barguna suna ya canza, ya koma Mai Daro. Benci ya bushe. Suka koma wurin wani mai aski a bakin tasha, wanda ke barin kan mutum kamar ɓera ya yi kalaci a kai.

Yayata ta shigo shagona, ko sallamar kirki babu. "Kai ƙanina ne ko ba ƙanina ba?"

"Yaya, me zai aske a nan?" Na nuna mata sanƙona.

"Ya aske hasken. Tashi."

Haka na riƙa zama a kujerar kullum, fuskata na kallon titi, yana yawo da aska a filin Allah.

Mahauci ne ya fara dawowa, da auduga manne a kunne, aikin na bakin tasha. Ya tsaya a ƙofa yana hura hanci. "Zan zauna, amma ka wanke hannu da sabulu a gabana."

Mijin yayata ya shiga ciki ya fito da daro, ya ajiye a tsakiyar shago, ya wanke hannu yatsa bayan yatsa, idonsa cikin na mahauci. Sai da mahauci ya kau da kai.

Yanzu duk sun dawo, amma ta bangon nan ba na jin komai sai ƙarar almakashi. Ɗinkin ma ya daina min daɗi. Rannan ina zaune a bencin, mahauci ya kasa haƙuri, yana kan kujera ya ce, "To wai marin nan, yanke shi suka yi?"

Mijin yayata ya ɗora masa tafin hannun dama a tsakiyar ka, ya danna.

"Sunkuya," ya ce.

Mahauci ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji.