Kaye Huɗun da Aka Ɗauke wa Yaya Rabi

Shekara goma sha tara ke nan da aka kai yayata Rabi makwancinta a Sabha, can ƙasar Libiya, nesa da Damagaram inda aka yanke mana cibiya. Duk shekara idan watan ya kama nakan soya waina in yi mata sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana ma na yi sadakar, amma shirun ya ƙare. Akwai mutumin da ya ci guminta, yana nan da ransa, kuma na san yana karanta jarida. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa.

Mun je Sabha ne a shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, rediyo na ta shelar cewa Afirka uwa ɗaya ce uba ɗaya. Mijinta ya sami aikin gini, nawa kuma yana ban ruwa a gonakin Wadi Bawanis, sai ranar Juma'a muke ganinsa. Gida ɗaya muka kama a unguwar Hajara. Yaya malamar lakwal ce, wato makarantar boko, tun a gida, don haka da matanmu suka fara fita aikatau gidajen Larabawan unguwar Sukra, wurinta suke zube yara. Kafin a ankara tsakar gidanmu ta cika da masu rarrafe da masu tatata.

Yaya ba ta iya ganin abu ta wuce. Ta lura wasu yaran bakinsu na buɗewa da wuri, wasu kuwa har su doshi shekara uku sai nuni da yatsa. Cikin masu nunin har da ɗana na fari, wanda har yau da furfurata bakina ba ya iya kiran sunansa. Na kai shi wajen malami, na ba shi rubutu ya sha, na yi kuka a ɓoye ina zaton bebe na haifa.

Ita kuwa gwangwanayen tumatir ta tara, kowane yaro da nasa, ta ajiye kwanon ƙwallon dabino a gefenta. Da yamma idan iyaye sun dawo, duk wanda wani babba ya dubi idonsa ya yi masa magana, sai ta jefa ƙwallo ɗaya a gwangwaninsa. Muna ta yi mata dariya, muna cewa boko ya taɓa ta. Kafin magariba ta zazzage ta rubuta a kaye, wato littafin rubutun 'yan lakwal. Wata da watanni tana wannan. Ranar da ta kira ni ta nuna mini, sai na ga gwangwanayen da ba komai cikinsu kusan duk na 'ya'yan fari ne.

Ta ce, "Ke Hajo, yaronki lafiyarsa lau. Kunya ce muka ɗauko daga gida, muka baro kakanni a can."

Kowa ya san al'adarmu: uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. A gida wannan bai taɓa cutar da yaro ba, domin kaka na nan tana tsokanarsa, goggo na goya shi, kawu na ɗaga shi sama. A Sabha kuwa daga uwa sai bango. Mun riƙe kunyar da hannu biyu, ba mu lura cewa waɗanda ke cike gurbinmu suna bayan hamada ba.

A cikin haka mutumin ya zo. Malamin jami'a ne daga ƙasarmu, ya biyo ta Sabha zai je wani taron haɗin kan Afirka a arewacin Libiya, wani ɗan garinmu ya kawo shi cin tuwo. Ya ga gwangwanaye ya yi tambaya, Yaya kuwa da ta sami mai sauraro ta kwashe komai ta faɗa masa. Har yau ina ganin yadda yake lashe miyar kuka a yatsa yana cewa, "Madam, wannan aiki ai duniya ya kamata ta gani. Ba ni kayen nan in yi hotonsu, sati biyu in dawo miki da su." Ta ɗauko guda huɗu ta naɗe a ɗankwalinta sabo ta miƙa masa. Ko ɗankwalin bai dawo ba.

Shekara uku ta yi tana aika tambaya wajen direbobin Agadas. Ba ta zauna jiransa kawai ba. Ba ta ce wa kowace uwa ta yar da kunyarta ba, don ita ma ba ta kiran sunan nata ɗan farin. Abin da ta yi shi ne ta raba mana kakannin aro. Kowane ɗan fari ta haɗa shi da wata mata da ba uwarsa ba, ta ce daga yau ke ce kakarsa. Nawa ya faɗa hannun wata Bakanuwa mai sayar da ƙosai, wadda kullum sai ta tare shi da "Angona, yau ma ba cefane?" Wata huɗu aka yi, ran nan ya buɗe baki ya ce mata, "Babu!" Na shige ɗaki na rufe ƙofa don kada a ga hawayena. Duk wannan ta rubuta shi a kaye na biyar. Zazzaɓin mako biyu ya ɗauke ta tana tsakiyar cika shi.

Bayan mun dawo gida da shekaru, ina tankaɗe da rana rediyo na kunne, sai na ji muryarsa. Ana ta kiransa Dakta, yana bayanin binciken da ya ce ya yi da kansa a hamada, har da gwangwani, har da ƙwallon dabino. Rariyar ta faɗi daga hannuna. Da aka tambaye shi mafita sai ya ce jahilcin iyaye mata ne, su daina wannan al'ada ta duhun kai. Ni ke nan jahilar, ni da na ɗebo masa ruwan wanke hannu. Ya saci rabin aiki, ya cike sauran da zagi, domin maganin yana cikin kayen da bai samu ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Yanzu kowace unguwa da makarantar rainon yara, kowa ya iya cewa a riƙa yi wa jariri magana tun yana zanen goyo. Na san za ta ji daɗi. Na kuma san za ta tsaya ta dubi yaran da aka damƙa wa waya suna latsawa su kaɗai, ta tambayi wa ya dubi idonsu yau. Shi kuwa mutumin, wallahi na san halinta, cewa za ta yi a bar shi, tunda maganar ta isa kunnen mutane. Ita ke nan. Ni ba ita ba ce, ni ce mai baƙar zuciyar gidanmu tun muna yara.

Abin da ya rage nata ba a takarda yake ba. Wata mata da ta dawo daga Sabha bara ta ce mini har yanzu idan baƙuwa ta sauka a Hajara da ɗan fari, matan gidan kan tambaya wa za ta zama kakarsa. Ba su san wadda ta fara ba, suna zaton haka aka gada. Ɗana da aka yi zaton bebe ne, yau shi ke tafinta a kotu.

Watan jiya sai ga ƙanen mutumin a ƙofar gidana, da goro da turmin atamfa. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, Dakta zai sauke farali bana, ya ce a roƙa masa gafara wajen dangin marigayiya, idan akwai wani abu."

Na ce, "Idan akwai?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce wai Dakta ya ce a tambaya ko akwai sauran kayen da ta bari, zai so ya adana su.

Na mayar masa da goronsa da atamfarsa. Na ce ya gaya wa yayansa akwai saura, yana cikin akwatina, kuma idonsa ba zai gan shi ba. Idan yafiya yake so, hanyar gidan rediyon ba ta ɓace masa ba. Ya koma ya zauna a kujerar da ya zage mu, ya faɗa da bakinsa cewa aikin na wata mata ce da ta ba shi tuwo a Sabha, ya kuma faɗi sunanta.

Har yau bai je gidan rediyon ba, ga shi maniyyata sun fara tashi. To Dakta, ga amsata a rubuce tunda rubutu ka fi ganewa. Allah Ya ji ƙan Yaya Rabi, Ya haskaka kabarinta. Kai kuwa ka je ka yi ɗawafinka da haƙƙinta a wuyanka. Ban yafe ba.