Baba Na-Benci, Mai Yi wa Birninmu Kamun Ƙafa

Ranakun Talata, Laraba da Alhamis, ranakun zaman majalisar dokokin jiha, motar farko da ke barin tashar birninmu ba ta tashi sai da shi. Direbobi sun san kujerarsa: ta bayan direba, gefen taga, inda zai ɗora tsohuwar jakar fatarsa a cinya ya rungume ta kamar jinjiri. Tafiyar awa biyu ce. Kafin ƙarfe tara ya iso ƙofar majalisa, ya gaisa da masu gadi, ya tambayi mai shara jikin mahaifiyarta, ya leƙa rumfar direbobi ya ji wane ɗan majalisa ne ya tashi da fara'a, wane ne aka ɓata wa rai tun daga gida. Sannan ya hau bene, ya zauna kan dogon bencin katakon da ke baranda tsakanin ofishin kakaki da ƙofar zaure, ya buɗe filas ɗin shayinsa. Duk mai shiga zaure sai ya bi ta gabansa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan zama, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Na-Benci yake ce masa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

A takarda, jami'in hulɗa da majalisa ne na hukumar birni. A baki kuwa, shi ne mai yi wa birninmu kamun ƙafa. Mutane da yawa ba su san cewa akwai abubuwa birjik da magajin gari da kansilolinsa ba su isa su taɓa ba sai jiha ta yi doka. Duk shekara sukan zauna su fitar da buƙatun birni, su damƙa wa Baba, shi kuma ya kai su gaban 'yan majalisa arba'in, kowa da mazaɓarsa, kowa da nasa ciwon kan. Ni sakatariyar kwamitin ayyuka da sufuri ce a majalisar, 'yar birnin ce kuma, ƙofar ofishina tana kallon bencin nan shekara goma sha tara. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Baba ba ya kawo takardar da ta wuce shafi ɗaya, ba ya kuma ɗauko buƙatar da ta wuce uku. Wata kansila ta ba ni labarin ranar da wani sabon magajin gari, yana cike da zumuɗi, ya miƙa masa jerin buƙatu ashirin da uku.

Baba ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, zaɓar mini uku."

"Ai duka masu muhimmanci ne, Baba."

"Na sani. Amma ni ɗan majalisa tsakanin matattakala da ƙofar zaure nake samunsa, kuma taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Buƙata uku ke shiga wannan tazarar, ita ma ta ukun da gudu nake faɗinta."

Aikin da ya fi cin ƙarfinsa shi ne maganar babban titi. Titin nan ya raba birninmu gida biyu: kasuwa da tasha a wannan hannu, ƙaramin asibiti da makarantar firamare a wancan. Na jiha ne, don haka ko fenti birni ba ya da ikon shafa masa, balle ya kafa danja ko ya gina gadar masu tafiya a ƙasa. Baba ya kawo ƙudirin da zai ba birni wannan iko, ƙudirin ya faɗo kwamitinmu, ya kwanta shekara shida.

Shugaban kwamitin ba mugun mutum ba ne. Daga mazaɓar karkara ya fito, kuma a ganinsa mutanen birni sun ƙoshi har suna zubarwa. Yakan ce, "Ku da kuke da kwalta kuna kuka, mu da yawancin ƙauyukanmu ba su gan ta ba mu ce me?" Duk abin da aka kawo masa amsarsa ɗaya ce, shi ya sa a bayan idonsa muke kiransa Sai-Baɗi. Baba zai miƙe ya tare shi da fara'a, ya bi shi yana magana, a bakin ƙofa shugaba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dattijo, sai baɗi." Baba ya ce, "Allah ya kai mu, ranka ya daɗe," ya koma ya zauna. Ban taɓa ganin ya tsuke fuska ba. Ni ce ma nake jin haushi a madadinsa.

A shekara ta shidan ne tirela ta take ungozomar ƙaramin asibitin da safe, tana tsallakawa za ta karɓi aiki. Rabin matan unguwar ita ta karɓi haihuwarsu. Birni ya ɗauki zafi. A ofishin magajin gari wani mai ba da shawara ya ce tunda mutum goma sha ɗaya titin ya kashe a shekarar, a rubuta talatin don hankalin majalisa ya tashi. Baba ya ajiye biro ya ce, "Goma sha ɗaya ba su ishe ku ba? Kowane ɗayansu na je gidansu gaisuwa. Ba zan ƙara musu ko mutum ɗaya ba." Da takardar ta zo hannunmu, wani ɗan kwamiti mai bin diddigi ya aika aka duba rajistar asibiti da ta 'yan sanda. Goma sha ɗaya cif. Tun daga ranar, in Baba ya rubuta abu, ba a sake aikawa a duba.

Duk da haka shugaba bai motsa ba. Sai Baba ya ji a rumfar direbobi cewa ranar Juma'a shugaba zai tafi gida, kuma ta titin nan zai bi. Ya tare shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ratse ba ne, hanyarka ce. Minti goma sha biyar kawai, ka gaisa da ma'aikatan asibitin, ka yi musu ta'aziyya ka wuce." Kunya ta hana shi cewa sai baɗi. Ya ce in biyo su da littafina, ko za a faɗi abin rubutawa.

Mun iso da hantsi. Mai zuwa daga babban birnin jiha hannun kasuwa yake faɗowa, kuma babu wurin juyawa sai an yi tafiyar kilomita uku. Baba ya ce wa direba, "Tsaya nan, ɗana, ga asibitin can, tsallakawa kawai za mu yi." Muka fito. Babu jiniya, babu rakiya, daga ɗan sanda ɗaya sai mu.

Na duba agogo, don haka ba ƙari a maganata: minti goma sha huɗu muka yi a tsaye. Shugaba ya sa ƙafa ɗaya, tankar mai ta danno, ya ja da baya. Ɗan sandan ya ɗaga hannu, wani direban tirela ya ɗaga masa nasa ya wuce. Iskar wata babbar mota ta fizge hular shugaba, na bi ta da gudu har gaban mai gyaran takalmi. Zufa ta fara keto masa. Baba kuwa yana gefe rungume da jaka.

Can sai ga wata tsohuwa da tiren ayaba a kai. Ta dubi shugaba sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, baƙo ne kai? Kawo hannunka. In na ce gudu ka gudu, in na ce tsaya ka tsaya, kada ka waiwaya."

Ɗan sanda ya yunƙura zai kore ta, Baba ya riƙe masa hannun riga. Kafin mu ankara ta damƙi wuyan hannun mai girma shugaban kwamiti ta ce, "Gudu!" Suka tsaya a tsakiya, motoci suna wucewa gaba da baya, rigarsa tana kaɗawa. "Gudu!" Suka kai. Ayaba ko ɗaya ba ta faɗi ba. Takalmin shugaba ɗaya dai ya rage a tsakiyar titi, muna kallo wata tirela ta mayar da shi faifai.

Da muka samu muka tsallako, mun tarar da shi zaune kan dakalin asibiti yana haki, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ya ce, "Iya, kullum haka kike yi?"

Ta ce, "Sau shida a rana. Yau ma da sauƙi, ba jika a bayana, sai kai."

Ya juyo ya kafe Baba da ido. "Dattijo, da gangan ka yi mini wannan."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ma sai da na tsallako."

Shugaba ya fashe da dariya har da hawaye. Dariyar ta tsaya ne lokacin da aka shigar da shi ɗakin haihuwa, ya ga farar rigar aikin marigayiyar tana rataye a ƙusa, abokan aikinta sun kasa saukewa.

Wani zai ɗauka a nan magana ta ƙare. Ina! 'Yan majalisar karkara su ne masu rinjaye, kuma ba su ga dalilin yi wa birni ɗaya doka ba. Baba ya ɗauki Asabar da Lahadinsa uku ya bi titin nan a motar haya, yana sauka gari gari. Ya tarar akwai ƙananan garuruwa tara da titin ya raba kamar yadda ya raba namu, uku a mazaɓar shugaba. Ya zauna da shugabannin garuruwan, ya sa aka sake rubuta ƙudirin ya shafi duk garin da titin jiha ya ratsa, ya kuma ba da shawarar shugaban kwamiti ya gabatar da shi da sunansa. Magajin garinmu ya yi tsalle ya dire.

"Mu da muka yi shekara shida muna wahala, sai sunan wani ya hau dokar?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, suna kake so ko gada?"

Ranar ƙuri'a shugaba ya miƙe a zaure ya ce, "Mai girma kakaki, na san sunan da ake kirana da shi a barandar nan. To, wannan dai na bana ne." Zaure ya kaure da dariya. Ashirin da ɗaya suka amince, goma sha bakwai suka ƙi. Na fito da gudu in yi wa Baba barka, na same shi yana waya da matarsa Gwaggo. Daga inda nake ina jin ta tana cewa, "Madalla, sannu da ƙoƙari. In za ka dawo ka tuna da ƙwan fitilar kicin, sati biyu ke nan ina faɗa." Ita ce kuma ta taɓa gaya mini cewa a gida ma halinsa ke nan. In yana son a sauya labule, sai ya fara da surukarsa, ya bi ta kan 'yarsu, kafin maganar ta iso gare ta an riga an yi rinjaye.

Yau akwai gada a gaban asibitin, da danja uku a tsawon titin. A hoton bikin buɗewa, in ka duba can gefen hagu, za ka ga gwiwar hannun wani mutum da rabin jaka. Shi ke nan rabon Baba a hoton. Tsohuwa mai ayaba ta tare shi ranar ta ce matattakalar ta yi wa gwiwarta tsayi, bai huta ba sai da aka ƙara wa gadar gangara.

Ba kullum yake nasara ba. Shekara tara ya yi yana neman a ɗauke jujin da ke bayan unguwar maƙera, aka kayar da shi sau uku, har yau jujin yana nan. Washegarin kowace faɗuwa yakan je ya gaida waɗanda suka ƙi shi, don a cewarsa gobe zai sake buƙatarsu.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa ana kamun ƙafa ba tare da an zubar da mutunci ba. Ba ka taɓa miƙa wa kowa ambulan ba, ba ka taɓa kai gulmar wani gaban wani ba. Kai ne ka yi aiki da magajin gari shida, waɗansu ba sa ga maciji da juna, kowannensu ya tafi yana cewa kai nasa ne, alhali kai na birni ne. Dattijo mai dogon numfashi, mun gode. Iyayen da ke sakin hannun 'ya'yansu a gindin gada su koma gida hankali kwance sun gode, ko da ba su san da kai ba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya saka maka da alheri.

Ga wadda za ta gaje shi, da duk ma'aikacin da aka aika ya yi magana da bakin jama'a: ku faɗi gaskiyar adadi, ku san damuwar wanda kuke roƙo kafin ku kai masa taku, kada kuma ku yi fushi ku daina zuwa. Mu ma sauran jama'a, in an kira zaman jin ra'ayi, mu riƙa zuwa, kujerunmu sun daɗe babu kowa.

Jiya na gaya wa Baba zan yi rubutu a kansa. Ya ce, "Haba 'yata, me za ki rubuta? Zama kawai na yi." Har na juya, ya kira ni. "'Yan majalisa suna karanta shafin nan?"

Na ce suna karantawa.

"To ki sa musu cewa ƙudirin magudanar ruwan unguwar bayan tasha yana kwamitin muhalli tun watan jiya, kuma saura wata biyu damina ta faɗi."

Ga shi na sa, Baba. Masu girma 'yan kwamitin muhalli, kun dai ji.