Duwatsun Murhun Tabawa

Kafin fari ya zo, idan Bahago ya yi gyaran murya a rumfar Alhassan maƙeri, har guduma sai ta dakata. Madugu ne, rabin rayuwarsa ya yi yana kai ayari Fachi ɗaukar gishiri, ga shi bakinsa ya iya labari. Sai ruwan sama ya ɗauke, raƙumansa suka yi ta kwanciya ba tashi, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, shi kuwa ya koma bin layin jar dawar taimako. Abin da ya rage masa a Agadas bai wuce kunnuwan mutanen rumfar nan ba.

Su ma Illiya ya zo ya ƙwace. Illiya taubashinsa ne, shufer, wato direban wasu Nasara masu binciken ƙasa, mutumin da a dā ko gaisuwa ba ya iya kai ta ƙarshe. Yanzu sai ya sauko daga mota da baƙin tabarau, a miƙa masa shayin farko, ya ɗauki burodi ya ja har ya tsage.

"Haka ƙasar hamadar Tenere ta yi tun babu ɗan Adam," in ji shi. "Ta tsage, tsakiyarta ta nutse, koguna suka yi ta zuba yashi da laka, wannan bisa wannan. Teku ma ya shigo ya fita. Dabbobin lokacin na nan kwance, ƙashinsu ya zama dutse."

Mutane suka saki baki. Bahago ya ji kamar an watsa masa barkono a ƙirji. Hassada ce tsagwaronta, ba sai an yi mata kwalliya ba. Abin haushin, ya san ƙasusuwan nan sarai. Ya sha sauka a wani kwari kudu da hanyar Fachi inda suke zube kamar turame, har ya taɓa ɗauko uku ya kawo wa matarsa Tabawa ta yi murhu. Bai taɓa ba da labarinsu ba, don bai ɗauka labari ba ne.

Wata rana da la'asar Illiya ya juyo gare shi ya ce, "Madugu, kai da ka taka ko'ina, ai ka san inda ƙasusuwan nan suke ko?"

Wato shi Bahago ne zai zama ɗan amshin shufer? Ya ajiye kofi.

"Wallahi tallahi ban taɓa ganin ƙashin dutse a Tenere ba. Wanda ya san daji ta tagar mota, ai dole ya ga teku."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ranar kam Bahago ya koma gida yana taku irin na dā.

Bayan kwanaki Illiya ya yi sallama ya shigo gaida Tabawa. Ya tarar da Bahago a tsakar gida, ya durƙusa a gefensa, ba tabarau, ba tsokana.

"Madugu, Nasaran nan jagora suke nema zuwa inda ƙasusuwan suke. Ga albashi, ga buhun hatsi duk wata. Sunanka na ba su, shi ya sa na tambaye ka. Da ka rantse a gaban jama'a, sai aka ɗauki wani."

Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan murhu. Ya daɗe yana kallon duwatsun nan uku da hayaƙi ya baƙanta, kowane da ramin ɓargonsa. Bahago ya jira wasan taubashi ya sauka a kansa, har so yake ya sauka. Sai Illiya ya miƙe kawai ya yi musu sai an jima.

Tabawa, wadda ta ji komai, ta ɗauko tukunya ta leƙa cikinta, ta kife a gefe.

"Maigida," ta ce, "duwatsunka dai ga su nan, Allah ya saka. Abin ɗorawa ne babu."