Baba Mai Fatsa da Masu Zuba wa Kogi Guba

"Mama, wannan tsohon ba ya jin yunwa ne? Ya kama kifi ya sake jefa shi ruwa."

A kan kunnensa 'yata ta yi tambayar, ina wanki a bakin kogi. Na rasa inda zan sa fuskata. Baba Mai Fatsa ya yi dariya ya ce, "Amaryata, wannan mai ƙwai ce. In na cinye ta yau, me za ki dafa mini baɗi?"

Haka yake kullum a da. Da hantsi zai sauko da sandar fatsa da gwangwanin tana, ya zauna gindin bishiyar da ta sunkuya kan ruwa, inda tarwaɗa ke laɓewa. Ƙanana da masu ƙwai su koma ruwa, sauran ya zuba a bokiti ya bi gida-gida. Kogin namu ɗan siriri ne, yana tafiya kamar ba ya so, amma shi muke sha, a cikinsa yaranmu ke wanka.

Bara wasu samari suka gano hanyar sauƙi: su tsiyaya maganin ƙwari a sama da mashaya, kifi ya taso ciki sama, su kwashe da kwando. Yara suka fara amai da gudawa, har da tawa. Kowa ya san masu yi, kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don 'ya'yan dangi ne.

Baba ne ya tare su da rana tsaka, a gaban matan da ke wanki. Ya shiga ruwan, ya ɗebo a kofi ya miƙa musu ya ce, "Bismillah. Wanda zai zuba ya fara sha."

Jagoransu, Gajere, ya ce, "Tsoho, kogin na ubanka ne?"

"A'a, na jikokin ubanka ne."

Suka karya masa sanda suka watse. Washegari ya yanko wata ya dawo. Ya bar gindin bishiyarsa, ya koma zama a daidai inda suke zuba gubar, wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, kifi ba ya cin tana. Tun daga lokacin bokitinsa bai sake cika ba, shi kuma bai gusa ba.

Baba, kai ne dutsen da ruwa ya gaji da turawa. Kai ka zaɓi ka koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don yaran da ba kai ka haifa ba su sha ruwa lafiya. Mun gode. Allah Ya ƙara wa gwiwarka ƙarfi.

Mu iyaye mata mun kwashe wankinmu mun koma kusa da shi, kuma muna so maza su zo su tsaya. Kai kuma mai karatu, in har da kwalbar guba a aljihunka za ka sauko kogin nan, ka sani ba tsoho ɗaya za ka tarar ba. Mun san fuskarka, mun san ƙofar gidan uwarka.