Bututun da Laouali Ya Bari Aka Kushe

Laouali bai taɓa ɗora bindiga a kafaɗa ya yi harbi ba, ko da yake shekararsa goma sha ɗaya yana aiki a wani nadi, wato kulob ɗin masu harbi, da ke bayan Dir'iyya kusa da Riyad. Aikinsa goge bindigogi da sauya takardun da ake aunawa. Idan aka kawo sabon bututun bindiga, shi ke ɗaure bindigar a wani maɗaurin ƙarfe da ba ya motsi, ya ja kunama sau biyar, ya taka mita ɗari ya ciro takardar. Sai ya auna tazarar hudojin, ya rubuta milimita da kwanan wata a bayanta, ya adana a akwati.

Mutumin Mirriya ne, kusa da Damagaram, kuma gidansu maƙera ne. Ya yi shekara huɗu yana dakon kayan miya a kasuwar Utaiƙa ta Riyad kafin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya kai shi nadin ya riƙa shara. Wata rana ya leƙa cikin wani bututu, ya ce da mai shi zanen ciki ya cinye daga wajen baki. Aka duba da madubi, haka ne. Daga nan aka karɓe tsintsiyar.

'Yan nadin sun haddace sunayen maƙeran bututu kamar na 'yan ƙwallo. Wannan na wani tsoho ne a Turai da ba ya ƙera fiye da arba'in a shekara, wancan sai an jira wata tara. Sukan sha gahawa suna musu har a kira la'asar. In suka nemi ra'ayin Laouali, amsarsa ɗaya ce, sai ya ga harbi biyar. Shi ya sa suke kiransa Duktur, rabi tsokana, rabi gaske.

Ta hanyar ɗana Nu'uman na san shi. A Riyad aka haifi Nu'uman, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa. Baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ba ya ajiye bindiga, saboda haka ta abokinsa Abu Rakan yake harbawa, wadda ke kulle a ma'ajin nadin. Mu Kanawa ne, wasan Kano da Damagaram kuwa shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai cikin Hausa. Yana shiga zai tambaya ina bawansa. Laouali ya ce bai taɓa ganin ubangidan da ke cewa "na ci ruwa" ba. Da wannan suke buɗe kowace Asabar.

A Fabrairun bara bututun tsohon nan na Turai ya iso, aka ɗaura wa bindigar Abu Rakan. Nu'uman ne ya fi kowa hannu a nadin, shi aka ba ya fara. Harsasan suka watse. Mako na biyu ma haka. Kafin azumi magana ta zagaya cewa tsohon ya tsufa, aikinsa ya lalace, har mutum biyu suka janye sunansu daga jiran bututunsa. Aka tambayi Duktur, ya ce maɗaurin na bukatar gyara, bai samu gwadawa ba. Abu Rakan ya ce kalas, shi ke nan, a kulle bindigar.

Nu'uman ya rasu a Janairu, yana da shekara ashirin da bakwai. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Likitan ya tambaye ni tun yaushe hannunsa ke rawa, na ce tun Nuwamba, domin lokacin na gani. Ya rubuta. Tambayar ta zauna mini. Ba don amsar za ta sauya wani abu ba, ina son in san iya kwanakin da ɗana ya ɗauki abin shi kaɗai muna cin abinci a faranti ɗaya.

Bayan arba'in na je nadin da safe. Laouali ya yi mini ta'aziyya a tsaye, idonsa a ƙasa. Na roƙe shi ya gwada bututun a gabana, Abu Rakan ya riga ya ba da izini ta waya. Ya ɗaure bindigar, ya harba biyu a gefe domin bututun da aka goge ba ya faɗin gaskiya sai ya ɗan yi datti, sannan ya harba biyar. Da ya kawo takardar sai na ga huda ɗaya ce mai ɗan faɗi. Milimita takwas.

Ya buɗe akwatinsa ya ciro wata takardar. Hudarta kusan iri ɗaya. A baya an rubuta biyu ga Maris.

Ya ce maɗaurin bai taɓa lalacewa ba. Ranar nan ya gwada, ya nuna wa Nu'uman shi kaɗai. Nu'uman ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannun dama a iska, su biyu suka ga yatsun suna motsi. Ya roƙe shi ya rufa masa asiri zuwa bayan bikin ƙanwarsa Sauda, ya yi alkawarin zuwa asibiti da an gama. An yi bikin a Yuli. Duk Asabar Laouali na tuna masa, Nu'uman na cewa bawa ba ya aiken ubangida.

Wata takwas ke nan tsakanin Maris da Nuwamba. A cikinsu ne Nu'uman ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu, na ɗauka sanyin na'urar sanyaya falo ne, har na rage ta.

"Baban Nu'uman," in ji Laouali, "na ci amanar mutum biyu. Ku ban faɗa muku ba. Wancan tsohon kuma ban san shi ba, amma maƙeri ne, aikinsa ba shi da aibi, na bari ana zaginsa ina tsaye. Ku yafe mini, ku ba ni izini in faɗa musu."

Na san abin da hakan ke nufi. 'Yan nadin za su daina tuna Nu'uman a matsayin gwanin da bututu ya ci amanarsa, su tuna shi a matsayin mai rawar hannu. Shi da kansa ya zaɓi na farkon. Na tambayi Laouali ko ɗana ya taɓa cewa a ɓoye har abada. Ya ce a'a, zuwa bayan biki kawai ya ce.

"To, biki ya wuce, Malam Laouali," na ce. "Ka faɗa musu. Amma ka faɗi yadda yake harbi kafin Fabrairu."

Ya ce takardun harbin Nu'uman duk suna cikin akwatin, na shekara biyar. Ya jawo mini kujera, ya fara ciro su ɗaya ɗaya yana karanta kwanan wata, ni kuma ina tuna inda nake a kowace ranar.